Inda Ya Zana Aku

Jirginsu ya iso ran da ƙaguwa ke hawa tudu,
ƙato, da filafilai kamar an shanya gajimare.
Muka yi cirko-cirko a gaɓa, yara da karnuka.
Kakata Araruna na ɗinkin koma, ko kai ba ta ɗaga ba.

Cikinsu akwai wani siriri, Baltazar Lobato,
yatsunsa baƙi ƙirin da tawada.
Ba ya riƙe bindiga, ba ya cinikin jan itace.
Igiya yake jefawa a ruwa, da darma a bakinta,
ya jawo, ya ƙirga ƙulli,
ya auna rana da faifan tagulla,
ya duƙa kan fatar maraƙi yana jan layi.

Tsibirin da muke kira Ɗakin Tsuntsaye
ya laƙaba masa sunan wani waliyyinsu.
Kogin da ya ci ƙanen ubana
ya mai da shi Kogin Alhamis.
In kogin ya ji, bai amsa ba.

Kwana na uku ya zo da wuƙa da madubi,
ya nuna kudu da haɓa: me ke can?
Kakata ta share yashi da tafin hannu,
ta ja gaɓar da ƙayar kifi, lungu-lungu:
nan ruwan daɗi, nan sauro,
nan mutanen da ba ma ga maciji da su.
Sannan ta ɗauko baƙin tsakuwa
ta dasa nesa da layin, can cikin teku,
ta ƙwanƙwasa shi sau uku,
ta shaƙe wuyanta, ta zaro harshe.

Ya yi dariya. Gaɓar ya kwafe ta tsaf.
Dutsen kuwa, ya hangi teku shimfiɗe kamar tabarma,
ya girgiza kai.
Abin da darmarsa ba ta taɓa ba
alƙalaminsa ba ya rantsuwa a kai.
Wurin ya zauna fili, filin ya dame shi,
sai ya zana aku,
kore shar, da jar wutsiya, yana kallon gabas.
Ina tsaye a kafaɗarsa. Akun ya yi kyau.

Da yamma ruwa ya taso ya lashe zanen kakata.
Nasa aka naɗe a gora, aka liƙe da kaki,
aka kai wa sarkinsu a Lisbon.
An ce can an kwafe shi sau ashirin,
kowace taswira da akunta.

Damina bakwai.
Kakata ta riga ta kwanta a gindin yazawa.
Wani dare muka ji ƙara
kamar an kayar da babbar bishiya a tsakiyar teku.
Gari ya waye da katako, da ganguna, da takalmi wari ɗaya,
da mutum goma sha ɗaya da muka jawo da sauran numfashi.
Matuƙinsu na ƙanƙame da gorarsa.
Ya warware fatar, yana kuka,
yana nuna mana da yatsa mai rawa:
nan fa babu komai,
nan aku ne.

Muka ba su rogo da gasasshen kifi.
Ƙusoshin jirgin muka lanƙwasa ƙugiya,
guda biyu na nan a jakata har yau.
Fatar kuwa, gishiri ya wanke waliyyan kakaf,
ya bar ɗan kore inda fiffike yake.

Yanzu in na fita da jikana a kwalekwale,
muka kawo inda ruwa ke murɗawa a hankali
kamar mai barci yana juyi,
sai in ƙwanƙwasa gefen jirgi sau uku.
Shi bai san Araruna ba.
Ya karkata filafili hagu, bai ko waiwayo ba,
ya ce: Kaka, na sani,
mun zo Aku.